Wanda Ya Aro wa Mawaƙi Arziki

Ranar Litinin ce, an tashi da yayyafi, gari ya yi luf.

Ganau ya shiga ofishin jaridar ɗalibai da takalmi jiƙe, ya ɗare kan teburin Edita ba tare da an ba shi wuri ba. Ganau ba sunansa na yanka ba ne. Shi ya raɗa wa kansa, wai don ba ya rubuta abin da bai gani da idonsa ba. Tun shigarsa jaridar kuwa, abin da ya rubuta aka buga bai wuce sanarwar ɓatan laima ba, ita ma ya kuskure launinta.

Edita ɗalibar ajin ƙarshe ce, ba ta da yawan dariya. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Sauka daga teburina."

"Shafin farko na kawo miki."

"Wancan makon ma ka kawo. Ka ce an sace janareton makaranta, ashe gyara aka kai shi."

"Ai dai ba ya wurin." Ya gyara zama. "Wannan daban ne. Kin san mawaƙan hip-hop ɗin nan da ɗalibai ke hauka a kansu? Mota, sarƙa, falo kamar na attajiri. Duk aro ne, ni kuma zan tona su. Na san su ciki da waje. Tartsatsi ma ba ya sakin waƙa sai ya kira ni ya ji ra'ayina."

Tartsatsi shi ne mawaƙin da ke tashe a lokacin, shi aka gayyato ya yi wasa a babban ɗakin taro na makaranta. Ganau bai taɓa ganinsa ba. Ko waƙarsa ɗaya bai taɓa saurara har ƙarshe ba.

Edita ta dube shi sama da ƙasa. "Ka kawo shaida, shafin farko naka ne. Ka dawo hannu rabbana, ka bar jaridar nan. Akwai masu jiran gurbinka."

"Ki fara zaɓen manyan haruffa," in ji Ganau.

Sai da ya yi ta tambaya kafin ya gano inda Tartsatsi ke naɗar waƙa. Wani ƙuƙumin ɗaki ne a bayan shagon aski. An lilliƙe bangon da kwalayen ƙwai, an jingina tsohuwar katifa a ƙofa, an kashe fanka don kada ƙararta ta shiga waƙa. Zafi kamar tanda. A tsakiya wani siririn yaro ne da koɗaɗɗiyar riga da silifa, yana zuba magana a kan kiɗa kamar mai faɗa da wanda ba ya nan.

Da aka tsaya, Ganau ya gabatar da kansa a matsayin babban wakili. Ya waiwaya hagu da dama. "Ina motar?"

"Wace mota?" in ji Tartsatsi.

"Wadda kake hawa a bidiyo."

"Ba ni da bidiyo. A waya ake tura waƙoƙina."

"Sarƙa fa?"

"Ƙaiƙayi take sa ni."

"To me kake faɗa a waƙar?"

Tartsatsi ya sa aka kunna masa sabuwar. Ganau ya kasa kunne.

"Ba ni da kujera, kan bokiti nake zama,
Ba ni da mota, ƙafata ta san kowace kwana,
Riga ɗaya gare ni, in na wanke sai in jira rana."

Yaron ba ya ƙaryar arziki, talaucinsa ma yake tallatawa. Mai hankali da ya yi sallama ya koma gida. Ganau ya tsaya yana tunani, ya ga cewa in babu ƙaryar da za a tona, ai sai a kawo ta.

"Ɗan'uwa, matsalarka ba ka san harkar ba," ya ce. "Mawaƙi ba bidiyo ai rabin mawaƙi ne. Ni zan haɗa maka. Falo, mota, kwat, sarƙa, duk ka bar mini."

"Waƙar ta ce ba ni da kujera."

"Shi ya sa za a sa kujeru. Fasaha ke nan. Mu a makaranta darasi guda ake yi a kanta."

Tartsatsi ya dubi abokinsa Mai Kyamara, wanda sana'arsa ɗaukar hoton biki ce. Mai Kyamara ya ɗaga kafaɗa. "Ni dai in akwai haske, zan ɗauka."

A gidan kawunsa Ganau yake zaune. Kawu kujerun falo yake sayarwa, yana da babban shago mai ƙofar gilashi a bakin titi. Mutum ne da maganarsa ba ta wuce ta cefane. Ranar Lahadi ba ya buɗe shago, kuma wannan Lahadin zai tafi saro yadi. Ya miƙa wa Ganau makulli.

"Ka buɗe taga su sha iska. Kada ka zauna a kan ko ɗaya."

"Kawu, ni da ko kallonsu ba na yi."

Falo ya samu. Ya wuce garejin Baba Makanike, inda wata doguwar baƙar mota ke tsaye tana sheƙi.

"Ta wani babban mutum ce," in ji Baba Makanike. "Gyara take jira. Ba ta tashi."

"Baba, ba tashi nake so ta yi ba, kyau nake so ta yi. Zan sa sunan garejinka a jarida."

"Birkinta ma..."

"Hoto ne kawai, Baba."

Wurin Mai Wanki ya ɗauko wata farar kwat cikin leda, shi ma da alkawarin jarida. Mai Wanki ya bi shi har ƙofa yana cewa mai ita ba ya son ko ƙuda ya sauka a kanta. Sarƙa kuma bai sha wahala ba. Ya kwance igiyar labule mai ruwan zinare a shagon Kawu.

Shirinsa mai sauƙi ne. Ana ɗaukar bidiyo, shi zai laɓe da wayarsa ya ɗauki hoton yaro cikin kayan aro. Ranar Lahadin ya sa rigar jaridar ɗalibai, wadda ya kai aka buga masa sunansa da manyan haruffa a baya, don a wurinsa ranar aiki ce.

Tartsatsi ya ce zai zo da aboki ɗaya ko biyu. Da hantsi sai ga shi da rabin unguwarsu. Suka cika shago. Kwat ta yi masa yawa, hannunta ya rufe yatsunsa. Igiyar labule ta sauko masa har cibiya, da tuntunta.

"Na yi kama da taga," in ji shi.

"Ka yi kama da kuɗi. Zauna."

Ya zauna, ledar kujera ta yi ƙara. Ya motsa, ta sake yi. Mai Kyamara ya ce leda na ƙyalli tana kashe masa ido. Kafin Ganau ya buɗe baki, samari sun yage ledojin kujeru sun tara a lungu. Uku sun hau kan mai zaman mutum uku da takalma, suna gwajin tsalle.

"Ku sauka. Kawuna..." Ya haɗiye sauran. "Wato, ku yi a hankali, kayan waje ne."

Aka zo kunna kiɗa, wayar Tartsatsi ba caji. Aka dudduba, wayar Ganau ce kaɗai cike. Aka karɓe ta aka jona da lasifika. Babban wakili ya tsaya hannu a aljihu yana kallon shaidarsa tana buga ganga.

Tartsatsi ya kishingiɗa a tsakiyar kujerun da suka fi a ƙirga, ya fara rantsuwa cewa a kan bokiti yake zama. Ana tsakiyar baiti kiɗa ya yanke, waya ta yi ƙara, wani yaro ya danna. Muryar Kawu ta cika shago ta lasifika.

"Ka buɗe tagar?"

Ganau ya durƙusa gaban lasifika. "Na buɗe, Kawu."

"Hayaniyar me na ji?"

"Rediyo ne."

"Ba ni da rediyo a shago."

"Na maƙwabta ne, Kawu. Ta tagar yake shigowa."

"To rufe ta." Ya kashe.

Ganau ya rufe tagogi. Mai Kyamara ya ce hoton ya yi fayau da yawa, manyan mawaƙa da hayaƙi suke yi. Ganau ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, ya taɓa haɗa wa wani mawaƙi hayaƙin da har yau ake maganarsa. Ya shiga baya inda kafintoci ke aiki, ya ɗebo garin katako a tsohon kwano, ya cinna masa ashana, ya tsuguna bayan kujera yana fifita da kwali.

Da farko hayaƙin ya yi kyau. Daga baya aka daina ganin Tartsatsi, sai tarinsa ake ji. Samari suka ruga ƙofa, hayaƙi ya bi su titi.

Tela, wadda shagonta ke jikin na Kawu, ba ta san Lahadi ba. Ta leƙo ta ga baƙin hayaƙi na fita daga shagon kujeru, ta kurma ihun gobara. Kafin ka ce me, maƙwabta sun iso da bokitai. Ganau ya tsaya a ƙofa ya ware hannu.

"Ba wuta ba ce, aiki ake yi."

Bokitin farko a fuskarsa ya sauka. Sauran suka wuce ta kansa, suka sami kujeru da farar kwat da wanda ke cikinta.

Da hayaƙi ya lafa, Tela ta tsaya riƙe da ƙugu. "Kai ɗan nan, kawunka ya san da wannan?"

"Gwaggo, aikin jarida ne. Ba za ki gane ba."

"Na gane kwano, na gane ashana. Wannan kuma wa ya ɗaura masa igiyar labule? Ni na ɗinka mata tuntu."

"Sarƙa ce," in ji Tartsatsi, ruwa na ɗiga daga haɓarsa.

"Allah ya ƙara arziki," in ji Tela, ta ɗauke bokitinta.

Falo ya tashi daga aiki, saura mota. Samari suka turo ta daga gareji zuwa bakin titi. Mai Kyamara ya ce mota a tsaye ba ta da rai, sai tana tafiya. Tartsatsi ya hau kan bonet, wato murfin injin mota, ya harɗe ƙafa, aka sa wani yaro riƙe sitiyari. Ganau ya ce shi zai tura daga baya, don ya san yadda ake sunkuyawa kyamara ba ta gan ka ba.

Titin gangare ne. Ganau bai lura ba sai da motar ta bar hannunsa. Tartsatsi na kan bonet yana cewa ƙafarsa ta san kowace kwana, mota na ƙara gudu. Yaron sitiyari ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa ba abin da ya faru. Ganau ya bi ta da gudu yana riƙo da bamba, tana jansa. A ƙarshen gangaren akwai turken fitila, gefensa kwata. Mota ta zaɓi turke, Tartsatsi ya zaɓi kwata.

Ya fito da kwat kala biyu. Mai Kyamara ya sauke kyamara yana murmushi. "Ban taɓa ɗaukar biki mai daɗin wannan ba."

Ganau ya ja shi gefe yana haki. "Ka ji ko, kada fuskata ta fito a ciki."

"Fuskarka ba za ta fito ba."

Sauran yinin a gyara ya ƙare. Aka tura mota gareji, Ganau ya juya gefen da ya loɓa ya fuskanci bango. Kwat ya wanke ta a famfo da sabulun wanka, ya maida ta leda da ɗanshinta, ya rataye a tsakiyar kayan Mai Wanki. Kujeru ya kunna musu fanka, samansu ya bushe, ya lulluɓe su da leda ya ɗaure da salatif.

Kawu ya dawo ya shiga shago, ya tsaya yana shinshina.

"Wa ya yi girki a nan?"

"Hayaƙin titi ne, Kawu. Kafin ka ce in rufe taga ya shigo."

Kawu ya ce, "Hm."

Hoto ko ɗaya Ganau bai samu ba. Amma bai karaya ba. Ya gaya wa Edita cewa abin ya wuce hoto. Za a haska sabon bidiyon Tartsatsi a ɗakin taro ranar wasa, shi kuma a gaban kowa zai tona asiri. Ta tanadi mai ɗaukar hoto kawai. Ya bi aji-aji yana cewa kada wanda ya bari a ba shi labari.

Ranar wasa ɗaki ya cika maƙil. Ganau ya shigo yana ɗaga wa mutane hannu, sai ya ja birki. A sahun gaba an jera wa manyan baƙi kujerun falo, kuma ya san su. Makaranta ta yi hayarsu. A gefe, a tsaye, hannu a baya, Kawu ne. Ba ya barin kayansa su kwana a hannun wani ba ya wurin.

Ganau ya duba ƙofa. Edita na tsaye a bakinta. Ya nemi wuri ya zauna.

Shugaban Sashen Jarida ya iso a makare, a ƙafa, yana share gumi. Aka nuna masa babbar kujera ta tsakiya. Ya zauna, ta yi wani ɗan sauti kamar an taka soso. Ya ɗan gyara zama, ya shafa bayan wandonsa, ya dubi rufi ko yoyo yake yi.

Aka kashe fitilu, aka haska bidiyo. Ɗalibai suka ɗauka da sowa. Ga Tartsatsi cikin kujeru yana kukan rashin kujera, ga hayaƙi, ga ruwa na zubo masa kamar an shirya, ga doguwar mota na gangarowa da shi. Ba wanda ya taɓa ganin irinsa. Ana gamawa aka yi ta tafi.

Ganau ya ga in bai tashi yanzu ba, ya bar jarida ke nan. Ya haye dandamali, ya karɓe makirufo daga hannun mai gabatarwa, ya juya wa ɓangaren Kawu baya.

"Jama'a, an yaudare ku. Binciken da na yi ya nuna duk abin da kuka gani aro ne. Motar aro ce. Kwat aro ce. Falon ma ba nasa ba ne."

Tartsatsi, da ke gefe cikin koɗaɗɗiyar rigarsa, ya matso ya sa baki a makirufon.

"Gaskiya ne. Ai na faɗa a waƙar ba ni da komai."

Dariya ta fara daga baya. Shugaban Sashe ya miƙe, bayan wandonsa jiƙe sharkaf. "A maido hoton motar nan. Tsaya. Matso da lambar." Ya cire tabarau ya goge ya mayar. "Wannan motata ce. Makanike ya ce mini ko motsa ta ba a yi ba. Kwat ɗin ma tawa ce, ga tabon biro a aljihu. Shi ya sa take warin kwata."

Ganau ya yi saurin cewa, "Kun ji ko? Yallaɓai ma an cuce shi. Abin tambaya shi ne, wane marar kunya ne ya ɗauko kayan mutane?"

"Tambaya mai kyau," in ji Shugaban Sashe. "A ci gaba da hoton a hankali."

Mai Kyamara ya cika alkawari, fuska ba ta fito ba. Baya ne ya fito. Ga wani a sunkuye yana tura mota, a gadon bayansa an rubuta GANAU da haruffan da na ƙarshen ɗaki ma ya karanta. Aka ƙara komawa baya. Ga bayan nan dai tsugune a gindin kujera yana fifita kwano.

Wani ya kunna kiɗa. Tartsatsi bai yi niyya ba, amma mawaƙi ba ya jin kiɗa ya yi shiru.

"Na ce ba ni da mota, ya ce tsaya in aro,
Na ce ba ni da falo, ya ce Kawu ya yi tafiya,
Ya kunna wuta da kansa, ya zo yana neman ɓarawo."

Ɗalibai suka karɓi layin ƙarshe suna maimaitawa suna buga tebur. Mai ɗaukar hoton da Ganau ya sa a tanada ya yi aikinsa.

Ganau ya sauko ta gefen Edita. "Kin ga dai, labarin ya tabbata. Aro ne."

"Ya tabbata," in ji ta. "Shafin farko ne ma. Ni zan rubuta. Ka aje rigar jarida a ofis."

Kawu ya baro gefen da yake tsaye. Ya tako ya danna kujerar Shugaban Sashe da tafin hannu, ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa. Ya danna ta kusa da ita. Sannan ya dubi ɗan ƙanwarsa.

"Mota ta kawo su," ya ce. "Kai za ka mayar."

Washegari rana ta fito da ƙarfi. Tun da sassafe Ganau ya fito da kujeru ɗaya bayan ɗaya ya jera a gaban shago, ya farke ƙasansu, ya zaro soso yana matsewa a kwata. Tela ta fito da kekenta bakin ƙofa don ta ga da kyau. Baba Makanike da Mai Wanki na zaune a benci suna jiran ya gama, kowa da tasa maganar.

Wasu ɗalibai biyu suka zo wucewa. Ɗaya ta tsaya. "Ganau, sana'a ka canza?"

Ya miƙe ya share gumi, ya rage murya. "Bincike nake yi. Ba ku san abin da ake cusawa a cikin kujerun nan ba. In na fasa wannan labarin, garin nan sai ya girgiza."

Daga cikin shago Kawu ya ce, "Juya ɗaya gefen."

Ya juya.